Tudun Wankan Baba Nomau

Masana tarihi sun ɓata takarda mai yawa a kan ganuwa da hasumiya da gadoji, sun bar ginin da zaman lafiyar ɗan Adam ya fi rataya a kansa. Ina nufin ɗan tudun nan da ake yi a bakin wurin wanka don ya tare ruwa, wanda tsayinsa bai wuce yatsa huɗu ba, da abokinsa guntun bangon da ke tsayawa iya ƙugu tsakanin mai wanka da masai. Ganuwa sau ɗaya a shekara ɗari ake gwada ta. Wannan tudu kuwa kullum ake gwada shi, da jiƙaƙƙiyar ƙafa, da sabulu a ido, kuma mai gwajin ba ya sanye da komai.

Shekara talatin da ƴan kai ke nan ina shimfiɗa karo, wato tayil, tsakanin Madawa da Buza da Keita. Ku samarin da kuke zuwa shantiye, wato wurin gini, yanzu da waya a hannu, kun ga wani a bidiyo ya gama ɗakin wanka cikin minti uku, da kiɗa a bayansa, kun yanke hukunci cewa sana'ar duka manna abu ne a jikin abu. Ban ga laifinku ba. Ni ma haka na zata lokacin da na baro lakkwal, wato makarantar boko, bayan na faɗi jarrabawa sau biyu, da maki mai kyau a rubutu da sifiri a lissafi. Sai Allah ya kai ni sana'ar da ba a komai a cikinta sai lissafi.

Wanda ya koya mini aiki Maso Yohanna ne, wato magini Yohanna, Kirista, dogo, mai ƙarancin magana, wanda ya yi rabin rayuwarsa yana gina ɗakunan wanka a gidan likitan mishan. Mushe yake kirana, wato malamin lakkwal, don ya taɓa kama ni ina karanta takardar da aka naɗe ƙusoshi a ciki. Kayan aikinsa duka tsohon buhun siminti ɗaya ke ɗaukarsu: cokalin gini da ya cinye har ya koma kamar ganyen mangwaro, igiya, gudumar roba, soso, da nibo, ma'aunin nan mai ɗigon iska a cikin ruwa da ke nuna ko wuri ya miƙe ko ya karkata. Injin yanka bai iso mu ba tukuna. Da bakin ƙarfe yake jan layi a fuskar karo, ya ɗora shi a kan ƙusa, ya danna, ya rabu biyu kamar goro. Na yi wata bakwai ina farfasa na mutane kafin nawa ya fara rabuwa haka. Ranar Juma'a da hantsi yake sallamata, ranar Lahadi shi ba ya zuwa, don haka shantiyenmu ya fi kowanne tsoron Allah a Madawa, ya kuma fi kowanne jinkiri.

Aikin farko da na bi shi, gyaran makewayin wani mahauci ne. Muna isa, maimakon ya buɗe kwalin karo, sai ya shige tsohon makewayin da za mu rushe, ya tsuguna, ya yi shiru kamar mai jiran liman. Na tsaya a bakin zana na gaji.

"Maigida, mi muke jira?"

"Karatu nike, Mushe. Ba kai ka son karatu ba?"

"To ina takardar?"

"Ga ta nan kana take ta. Dubi inda dutse yac cinye, nan shika goge ƙahwa. Dubi bangonga inda yay yi sulɓi, nan shika aza hannu in za shi tashi, kuma bahago na. Ga zoben da gindin bokiti yab bari. Mutum ba shi barin ka ga wankanai, in ka tambaye shi kuma ƙarya za shi yi ma don kunya. Makewayi bai san kunya ba."

Wannan ce dokarsa ta farko, kuma ban taɓa jin ya faɗi ta biyu ba. Kafin ka zaɓi abin da za ka rufe tudu da kan bango da shi, je ka tsuguna inda maigida ke tsugunawa. A gidan likita ya koyo ta, inda ya yi shekaru yana lura da yadda marar ƙarfi ke lalubar abin dafawa.

Yanzu ga kayan rufin kansu, tunda su kuka zo ji. Fayans, wato karon bango mai ƙyalli, ya fi kowanne kyau a kanti, ya fi kowanne mugunta a ƙasa. An yi shi ne don ya tsaya a tsaye, ruwa ya zame a kansa. In ka kwantar da shi, mutum ne ke zamewa. Ga shi da raunin baki: gindin bokitin ƙarfe ya buge shi sau uku, ya ɓantare, ya bar kaifin da aska za ta yi wa hassada.

A Keita na taɓa kwance wani guntun bango da aka rufe kansa da ƙananan karo takwas. Karo takwas, gaɓa bakwai ke nan, kuma kowace gaɓa ƙofa ce. Ruwa ya bi ta nan yana sauka cikin bulo har shekara biyu, sai fentin ɗakin kwanan da ke bayansa ya kumbura, ya fara fitar da farin gishiri kamar fadamar kanwa. Maigidan yana zargin rufi. Sau uku ya sa aka hau aka sauko. Abin da ke kwance a wurin ruwa, a rage masa gaɓa; in da hali, ya zama falle ɗaya.

Farin dutsen waje mai sulɓi, wanda ƴan kasuwa ke kawowa daga bakin teku, falle ɗaya ne, sai dai yana shan duk abin da aka ba shi. Na sa wa wata Hajiya shi a Madawa ana saura kwana goma bikin suna a gidan. Mata suka wanke lallen ƙafa a kai. Har yau tudun ja ne, kuma ba ja mai kyau ba. Siminti zalla, in an shafe shi da cokali an shayar da shi ruwa kwana bakwai, yana da amana, amma ba mai ɗaukar hotonsa. Garanito, wato siminti da ƴan tsakuwa masu launi da ake zubawa a goge, shi ne tsaka-tsaki, muddin ka san inda za ka tsayar da gugar. In ka wuce, ka koma gidan jiya. Kowanne ka zaɓa, ka ɗan karkata shi ya kalli cikin wurin wanka, kada ya kalli ɗaki. Nibo zai ce ka yi kuskure. Nan kaɗai ake ƙin jin maganarsa.

Duk wannan na san shi kamar Fatiha a shekarar da na karɓi aikin Karofane. Na faɗa ne tun yanzu don kada wani ya yi mini uzuri da jahilci.

Wani Alhaji Mamman ne, ɗan Karofane da ya tafi cin rani Abijan yana saurayi har ya zama mai shaguna, ya gina wa mahaifinsa ɗaki da makewayin zamani. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba. Muryarsa na sani, da hotunan da yake turowa a waya. Hoton ɗakin wankan wani otal ne, fari fat, ƙasa da tudu da kan bango duk ƙyalli kamar kwanon tangaran.

"Awa wanga nike so, mai karo," in ji shi. "Kar ka rage komi."

"Alhaji, wanga na otal na. Mutanen otal tsaye suke wanka, ruwa na zubo musu daga bisa. Baba hwa?"

"Baba ya yi shekara tamanin shina wanka bisa dutse awa ƙadangare. Ya isa haka. So nike in anka shiga a san ya haihu."

"Da ka bari in sa garanito, ko da bisa tudun kaɗai."

"Garanito na gidan likita na. Tsohona ba majinyaci ba na."

Na ce to. Kalmar ba ta da tsawo, amma a duk aikin da na yi a rayuwata ba wanda ya kai ta muni.

Tsohon, Baba Nomau sunansa, manomi ne da ya daɗe da rasa mata, yana zaune da matar wani ɗansa da iyalinta. Gwiwa ta fara yi masa gardama, ido ya rage, gona ya bar wa na baya. Abu ɗaya ya riƙe: shi ke ɗaukar bokitinsa, shi ke wankansa, ba wanda ya taɓa kai masa ruwa bayan ɗaki, balle ya kama masa hannu. Duk unguwar an san maganarsa a kan haka, ni ma ranar farko ya faɗa mini ita ba tare da na tambaya ba.

"Ranar da anka kama ni zuwa wanka, a kira masu wankan gawa su ƙarasa."

Na shiga tsohon makewayinsa kafin a rushe, don sabo. Na tsuguna. Falalen dutse ne mai kaushi, gefensa ɗaya ya cinye ya yi kwari daidai dunduniya. A dama an kafa gwafa, ta yi baƙi da sulɓin hannu. Ga gurbin ƴar kujera, ga zoben bokiti. Mutum ne mai wanka a zaune, mai goge kaushi da ƙarfi a gefen dutse, mai ɗora dukan nauyinsa a hannun dama in zai miƙe. Takarda ce mai manyan baƙaƙe, ko makaho ya shafa ya gane. Na karanta ta tsaf, na sa aka rushe, na buɗe kwalin fayans.

Kwana shida na yi a gidan. Tsohon yana zaune a inuwar rumbu yana kallona, kamar yadda ake kallon baƙon da ke ɗaura wa jaki sirdi a baibai.

"Mai karo, wanga tangaran da kake liƙawa ƙasa, tuwo za a ci bisa?"

"Wanka za ka yi bisa, Baba."

"To ina zan goge kaushi?"

"Alhaji ya ce za shi aiko ma da wani dutse na kanti, ɗan ƙarami, mai igiya."

"Dutse mai igiya." Ya daɗe yana juya maganar. "Mamman ya yi arziki."

In don kyau ne, aikin ba shi da makusa. Gaɓa duk ta hau layi, kusurwa ta haɗu kamar an haife ta haka, karkatar ma na yi ta daidai. Na ɗauki hoto na tura Abijan, Alhaji ya aiko da murya mai tsawo yana sa albarka. Har ƙofar ƙarfe aka sa, mai sakata daga ciki, irin ta otal.

Kwana tara kacal aikin ya yi lafiya. Rana ta goma da hantsi, tsohon ya shiga da bokitinsa, ya zauna, ya saɓa jiki da sabulu. Ya ɗora dunduniya a kan tudun don ya goge, yadda ya yi shekara tamanin yana yi, ya dafa kan bangon da jiƙaƙƙen hannu don ya gyara zama. Hannu ya tafi, ƙafa ta bi shi. Ƙashin ƙugu ya karye. An ce ya daɗe a kwance bai kira kowa ba, yana ƙoƙarin kai hannu ga wandonsa. Da ya kasa, sai ya kira, kuma wadda ke gida a lokacin matar ɗansa ce. Ita ta fita ta tara maƙwabta, suka ɓalle sakatar da ƙarfen haƙa, suka fito da shi a cikin zane.

Ba ni nan. A tashar Buza na ji, daga bakin wani direba da bai san da wa yake magana ba. Ya ba da labarin da kyau, har da kwatancen mai karon, wanda a bakinsa ya fito gajere mai tumbi.

Ba wanda ya kai ni ƙara, ba wanda ya zage ni. Mutanen ƙasarmu ta Adar ba sa haka. Wayata ce kawai ta daina ƙara. In wani ya ambaci sunana a wurin gini, sai a ce hannunsa na da kyau, amma a tambayi Karofane. Alhaji ya kira sau ɗaya, ya ce ƙaddara ce, na ce ƙaddara ce, alhali kowannenmu ya san wanda ya zaɓi fayans da wanda ya manna. Wannan ita ce mugunyar shekara a sana'ata, kuma ruwan sama bai da hannu a ciki; damina ta yi kyau, mutane sun yi gini, wasu ne suka shimfiɗa musu karo. Ni na koma wajen Galma ina gina wa makiyaya kwamin shayar da dabbobi. Shanu ba sa tambayar labarin magini. Kuma duk Bafillacen da ya ba ni aiki sai ya ce a bar bakin kwamin da kaushi, don kada saniya ta zame. Ba wanda ya tura masa hoton otal.

A wata na uku Maso Yohanna ya aiko a kira ni. Lokacin ya bar aiki, yana zaune a gidansa kusa da gidan likita, yana bin mutanen cocinsu gaida marasa lafiya. Na same shi a ƙofar gida yana wasa tsohon cokalinsa, wanda ba shi da sauran abin wasawa.

"Mushe, na ga aikinka."

"Ka tahi Karofane?"

"A'a, tsohon yaz zo gidan likita. Gado na huɗu daga ƙohwa."

"Maigida, Alhaji yac ce..."

"Alhaji na Abijan. Wa yat tsuguna cikin makewayin?"

"Ni."

"Ka karanta?"

"Na karanta."

"To da jahili na, da sauƙi." Ya ajiye cokalin. "Likita ya ce ƙashi na ɗinkewa, sun sa mai ƙarhe. Ba ƙashin ba na damuwa. Duk ranar da anka yi mai wanka, ba shi cin abinci, bango shika kallo har dare. In anka sallame shi yat tahi gida yat tarar da tangaranka, wani za shi riƙa kama shi. Kuma tsohonga in anka kama shi wata ɗaya, kwanciya za shi yi ta gaba ɗaya."

"Mi zan sa?"

"Abin da ƙahwatai ta sani."

Na kira Alhaji na ce zan kwance aikin. Ya ce in sa abin da na ga dama.

A saman dutsen Allakaye akwai masu fasa falalen dutse, suna sayar wa masu harsashin gini. Can na hau da buta da sabulun salo. Duk fallen da ya yi mini, sai in jiƙa shi, in shafa sabulu, in cire takalmi, in ɗora dunduniya in murza, sannan in dafa shi da tafin hannu in tura da ƙarfi. Masu fasa dutsen suka bar aiki suka zauna kallo. Ɗayansu ya tambaye ni ko wani malami ne ya ba ni wannan a matsayin magani. Na ce eh, kuma Kirista ne. Kwana uku na yi kafin in sami falle biyu masu tsawon da nake so, marasa tsaga, waɗanda ko da sabulu suna riƙe fata ba tare da sun yage ta ba. Amalanken jaki ya sauko da su hanya, babbar mota ta ƙarasa da su.

Aikin kansa ga yadda ya tafi, kuma a nan nake so ku buɗe kunne. Na kwance fayans ɗin ƙasa da na tudu da na kan bango, na bar na jikin bango, tunda can ne gidansa. Ƙasan na yi masa siminti, na bi shi da tsintsiya tun yana ɗanye. Tudun na rage shi daga yatsa huɗu zuwa biyu, don ƙafar da aka sa wa ƙarfe ba ta ɗaguwa, na ƙara masa faɗi, na kwantar da falle ɗaya a kai daga bango zuwa bango. Gefen waje na dasashe shi da dutsen wasa don kada ya ci ɗan yatsa, gefen ciki na bar shi da kaushinsa don dunduniya. Guntun bangon na cire masa jeren bulo ɗaya, saboda tsayinsa na farko tsayin ƙugun mutumin otal ne. Ma'aunin da na bi sandar tsohon ce, wadda Maso Yohanna ya auna mini da igiya a gidan likita. Fallen da na rufe kansa da shi na bar shi ya zarce bangon da yatsa biyu, don hannu ya sami abin kamawa ta ƙasa, na kuma tsaga masa ƴar kwata a ƙarƙashi don ruwa ya ɗiga a nan, kada ya bi bango. Sakatar ƙofa na fidda ta, na sa ƙugiyar da za a iya ɗagawa daga waje da tsinke. Na shayar da simintin kwana bakwai. Guntun dutsen da ya rage, kamar kamu ɗaya da rabi, na jingine shi a bayan ɗaki.

Maso Yohanna ya sa aka kawo shi a kan moto, wato babur. Ya shafa tudun, ya rataya nauyinsa a bangon, ya zuba ruwan buta ya bi shi da ido har magudana. Bai ce komai ba, ya hau moto. A makarantarsa wannan shi ne maki mafi girma, kuma sau ɗaya na taɓa samunsa.

Da aka sallami Baba Nomau na bar shi ya kwana biyu, sannan na je. Ya rame, har kamar ya ƙara tsawo, yana tafiya da sanda yana jan ƙafa ɗaya. A kwanakin nan biyu bai yarda kowa ya kai shi wanka ba, shafa kawai yake da tsumma. Bayan gaisuwa na ce ina so ya duba aiki. Ya taka har bakin ƙofar makewayin, ya tsaya daga waje. Ya miƙa hannu ya kama kan bangon, yatsunsa suka sami gurbin ƙasa da kansu. Ya ɗora nauyinsa. Ya zame takalmi, ya aza dunduniya a kan tudun, ya murza.

"Zuba ruwa."

Na zuba.

"Sa sabulu."

Na sa. Ya sake murzawa, ya sake turawa da hannu, har jijiyar wuyansa ta tashi.

"Wanga dutsen ina na?"

"Na bisan Allakaye, Baba."

"Na san shi. Shina cin bakin hauya." Ya mayar da takalminsa. "Ya yi. Da shi ka sa tun hwarko, da ban san ɗanɗanon kunun likita ba."

"To bismilla, Baba. Ga ruwa can a randa."

"A'a."

Na tsaya ina duba tudun, ko akwai abin da na manta.

"Bar dubawa, ɗana, aikinka ba shi da aibi. Amma ɗakinga ya gan ni kwance ina kiran matar ɗana. Maƙwabta sun shigo cikinai sun gan ni yadda uwata ta haihe ni. Kai kana komawa kasuwar da anka kwance ma wando?"

Ban taɓa koyon amsar wannan ba, ko a lakkwal ko a shantiye. Na ce dai an gyara, ya ce ya ga an gyara. Na ce in ba nan ba, ina, tunda tsohon wurin an rushe shi. Ya juya da ƙyar, ya bi gefen ɗaki, ya nuna da sanda.

"Wancan guntun na wa na?"

"Saura na, Baba."

"Ɗauko shi."

Na saɓa shi a kafaɗa na bi shi bayan rumbu. Ya zana wuri da bakin sanda. Na tona ƙasa kaɗan, na kwantar da dutsen, na cusa tsakuwa a ƙarƙashi, shi yana ba da umarni: ɗaga nan, sauke can, karkata shi wajen katanga. Nibo yana cikin buhu, ban fito da shi ba. Ya aika a saro gwafa daga itacen girki, na kafa ta a dama, ya gwada, ya ce a ƙara nutsar da ita taƙi ɗaya. Maƙwabci ya ba da aron zana biyu, muka kewaye. Duka aikin bai kai sa'a ɗaya ba, kuma ko cokali ɗaya na siminti bai ci ba.

Sannan ya tafi randa da kansa. Ya ɗebi rabin bokiti, ya ɗauka da hagu, sanda a dama. Tsakanin randa da bayan rumbu bai fi taku ashirin ba, ya huta sau uku. Ba wanda ya motsa. Matar ɗansa ta shige ɗakinta ta saki labule, maƙwabcin ya sami abin dubawa a tafin hannunsa, ni na fita zaure na zauna. Aka daɗe ba a ji komai ba. Can sai ƙarar ruwa, kwarya ɗaya, kwarya biyu. Daga baya sai ƙarar dunduniya a kan dutse, a hankali, kamar ana wasa wuƙa.

Ya fito ya zauna a rana, gemu na ɗiga, bokiti a gefensa. Bai dubi kowa ba, ya ce a kawo fura.

Shekara biyar ya ƙara yi a duniya, kuma hannun da ya fara taɓa shi da ruwa bayan wannan rana, na masu wankan gawa ne. Aiki ya komo mini a hankali, wasu ma har suna cewa a yi musu irin na Karofane, galibinsu ba su taɓa ganinsa ba.

Ku ya kamata ku gani. Duk wanda ke son sanin yadda ake kwantar da falle ɗaya a kan tudu, da yadda ake barin kan bango ya zarce, da yadda ake karkata abu ido bai gane ba sai ruwa, ya je Karofane ya nemi gidan marigayi Baba Nomau. A shekara talatin ban yi aikin da ya kai shi ba, kuma har yau ko tsaga babu. Sai dai ku bari rani ya yi nisa, in an kwashe kaya an kai kasuwa, sannan za ku ga ƙasan. Albasa ake ajiyewa a ciki.